Kukan Gyare da Rana Tsaka: Kwana Uku a Ƙofar Kwaya

Ƙanwata ce ta ɗaga ni zuwa Katsina. Wata Juma'a cikin Disamban 2024, bayan an sauko daga masallaci, na biya gidanta mu gaisa, sai na tarar da ita da waya a kunne tana ɗaga murya kamar mai kiran wani ta bayan katanga. Da ta gama ta ajiye wayar ta dube ni. "Yaya, yaron nan ban gane masa ba. Magana ɗaya sai na faɗa sau uku. Kuma ya ce idan ya kwanta da daddare kunnensa kuka yake yi, kamar gyare ya shige ciki." Ɗanta na fari take nufi, mai shekara 17, wanda muka danƙa wa kawunmu shekara biyu da suka wuce don ya koya masa walda da aikin ƙarfe a shagonsa na Ƙofar Kwaya.

Na yi shekaru ina aikin lura da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin gine-gine, don haka wannan gyare ba baƙona ba ne. Na ji labarinsa a bakin masu fasa kankare, na ji a bakin masu yankan rodi. Sai dai duk waɗanda suka taɓa kawo mini kukansa magidanta ne masu furfura. Jin ya kama yaron da ko gemu bai gama fito masa ba, shi ya hana ni barci. Na ce mata Litinin in Allah ya kai mu zan kama hanya.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano neman abin da zan riƙe musu. Duk wanda ya san kasuwar ya san ba abin da babu na gini da ƙarfe: rodi, kwano, fayif, ƙusa, ga faifan yanka tsibi-tsibi a kowace rumfa. Amma abin toshe kunne sai da na shiga shago biyar kafin wani ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, ya kaɗe masa ƙura. "Alhaji, wannan kayan 'yan kamfani ne kawai ke tambayarsa," in ji shi, "masu shago ba sa saye." Na sayi na soso mai igiya guda shida, naira 500 kowanne, da babba guda ɗaya mai rufe kunne gaba ɗaya a kan 7,000, na haɗa da farin tabarau da takunkumin ƙura. Na soson nan ko kuɗin ƙaramin faifan yanka ɗaya bai kai ba, faifan da yara ke cinyewa kafin azahar.

Litinin da hantsi na shiga mota a tasha, kuɗin mota naira 5,500. Kafin a cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ko rabin wannan ban taɓa biya ba zuwa Katsina. Muka bi ta Dawanau, inda manyan motoci ke jere suna lodin riɗi da wake, muka wuce Bichi, muka wuce Tsanyawa. Aikin mayar da hanyar tagwaye ya sa wani wurin a sheƙa a guje, wani wurin a sauka gefe a shaƙi jar ƙasa. Hunturu ya kankama sosai, hazo ya rufe gonaki, ba abin da ake hange sai karan dawa da aka tattara da bishiyoyin kuka tsirara.

Dattijon da ke kusa da ni ɗan Kankiya ne, mai injin niƙa. Tun daga gaisuwa na gane, domin muryarsa ta cika motar ba tare da ya sani ba. Ya ce shekararsa talatin a bakin inji. "Idan mu biyu ne ina jin ka sarai, Malam. Amma a kasuwa ko wurin ɗaurin aure, sai dai in riƙa kallon bakin mutum." Haka wannan ciwo yake farawa. Ba ya ɗauke ji gaba ɗaya. Ƙananan sautuka masu kaifi yake fara sacewa, sai mutum ya riƙa jin murya amma kalmomin sun cuɗe. A Gidan Mutum Ɗaya ya sayi gyaɗa dafaffiya ya zuba mini rabi a hannu, na yi na yi ya ƙi karɓar kuɗi. Da zai sauka a Kankiya na miƙa masa abin toshe kunne guda. Ya juya shi ya duba, ya ce ɗansa zai ba, shi ke tsaye a kan injin yanzu.

Bayan Charanchi, a Lambar Rimi, fankokin nan na samar da lantarki daga iska suka bayyana cikin hazo, dogaye farare. Guda 37 ne, an tsara su ba da megawat 10. Na bi su da kallo har suka ɓace, ina tunanin masu sana'ar cikin gari waɗanda har yau rayuwarsu ke rataye a wuyan janareto. Kilomita kusan 170 ne tsakanin Kano da Katsina, mun ci su cikin awa uku da 'yan mintoci. Muka shiga gari ta Ƙofar Ƙaura ana kiran azahar.

Abu na farko da Bakano zai lura da shi a Katsina shi ne ɗan acaɓa. Mu a Kano tun Janairun 2013 aka hana goyo a babur na haya, muka koma adaidaita sahu, har yaranmu sun taso ba su san shi ba. Nan kuwa ga su nan birjik. Naira 300 wani ya kai ni Ƙofar Kwaya, jakata a kan tanki. Wurin ya canza mini ƙwarai. An haƙa gadar ƙasa a mahaɗar, ita da ta Ƙofar Ƙaura, aikin zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Motoci na nutsewa ƙasa suna fitowa, ɗalibai na tsaye suna jiran abin hawa zuwa makarantun hanyar Dutsin-ma, masu shayi da 'yan bumburutu sun kama gefen titi. Tsohuwar ganuwa kuwa sai wanda ya san inda take a da.

Na sami Kawu a kan benci a ƙofar shago. Na durƙusa na gaishe shi, ya juyo mini da kunnen hagu. "Mi ka ce, ɗana?" Na maimaita. "Lahiya lau, lahiya lau. Ya mutan Kano?" Da na ambaci cewa zan nemi masauki a gari, fuskarsa ta canza. Ya ce in dai yana raye, ɗan ƙanwarsa ba zai kwana a ɗakin haya a Katsina ba. Ba banza ake ce wa garin nan ɗakin kara ba. A Kano ma muna karɓar baƙo, amma hada-hadar kasuwa ta sa muna yi muna duban agogo. Nan kuwa aka share mini ɗakin soro, aka shimfiɗa darduma sabuwa, Inna matar Kawu ta aiko da fura mai kauri da nono, da daddare ga tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Maƙwabta uku suka shigo gaishe ni, ɗaya ya aiko da dambu. Cikin kwana ukun nan ban sayi abinci da kuɗina ba sai shayi sau ɗaya, shi ma mai shayin da ya ji ni baƙon Kawu ne sai da muka yi ja-in-ja kafin ya karɓi naira 1,000 na shayi da burodi da ƙwai, abin da a lokacin a unguwarmu ba ya kasa 1,500.

Yaron ya girma, kafaɗa ta buɗe, hannu ya yi kanta. Ya gaishe ni cikin ladabi, amma na lura idonsa na kan leɓena.

Da safe Kawu ya fito mini da abin alfaharinsa. Injin yanka ne mai batir, yara suna kiransa "mai caji". Ya fi garanda girma, yana da mariƙi biyu, gaba da baya, faifansa inci tara, wato milimita 230, yana cin batir biyu masu bolt 18 a lokaci guda, yana kuma da bakin da ake jona tiyon ruwa. Kawu ya ce duhun da aka yi a Arewa a Oktoban 2024 ne ya tura shi saye, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace aka yi fiye da mako ba lantarki, litar fetur kuma ta haura naira dubu. Ya sayar da tsohon janareto ya cika kuɗi. Abin da ya ce ya biya zai sayi garanda mai waya huɗu ko biyar. Yana cajin batiran da sola a gida. "Ba ya hayaƙi, ba ya ihu, ba wayar da za ta harɗe maka ƙafa," in ji shi, yana shafa shi kamar mai shafa doki.

Gaskiya ya faɗa a biyu daga cikin ukun. Injin fetur idan aka tashe shi a cikin ɗaki rufe, hayaƙinsa na iya kashe mutum, wannan kuwa ba ya fitar da komai. Babu wayar da faifai zai datse, babu jonin da zai ja mutum a wuri mai danshi. Ni ma da zan buɗe shago shi zan saya. Maganar ihu ce ban yarda da ita ba, amma na bari sai mun je wurin aiki.

Kafin mu tashi na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Wani ƙaramin yaron shago ya ɗora injin a cinya, ya sa sifana zai canza faifai, batiran nan biyu suna maƙale a jikinsa. Na riƙe hannunsa. Garanda mai waya tana da shaida: ka ga an zare filogi, ko ka ji janareto ya mutu, ka san ta mutu. Mai caji ba ya mutuwa. Yana kwance shiru kamar bindigar da aka ɗana, yatsa ɗaya ya taɓa kunamar, faifan da ke juyi fiye da sau 6,000 a minti ya tashi a kan cinyarka. Na nuna masa ya zare batir tukuna, kullum, ko faifai zai canza, ko ɗaukar injin zai yi zuwa wani wuri, ko ajiye shi zai yi ya tafi salla. A gidan da ake gini kuma yaran unguwa ba sa rabuwa da shiga, kuma abin da ba ya ƙara ba ya ba su tsoro.

Muka hau motar ɗaukar kaya zuwa wani sabon gida a hanyar Dutsin-ma, inda turakun wuta ba su kai ba tukuna. Aikin ranar shi ne yanke rodin da ya yi saura a bakin katanga, da tsaga kankare don a kafa get, da gyara bakin intalok. Ɗan ƙanwata ne ya riƙe injin. Da ya danna shi a iska, ƙara ce siririya, ana iya magana a kanta. Da faifan ya sauka a kan rodi sai duniya ta cika. Na tsaya taku biyu daga wurin Kawu ina yi masa magana, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Na fito da wayata mai manhajar auna ƙara; ba ma'aunin ƙwararru ba ce, amma allurar ta tsaya sama da desibel 100 ta ƙi saukowa.

Nan ne kuskuren yake, kuma ba na Kawu kaɗai ba ne. Injin fetur yana ruri ko yana aiki ko ba ya yi, shi ya sa ake ganin mai batir salihi ne. Amma mafi yawan ƙarar yanka ba daga cikin inji take fitowa ba, daga haɗuwar faifai da ƙarfe ko dutse take, kuma wannan ba ruwanta da batir ko fetur. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas. Duk ƙarin desibel 3, ƙarfin ƙarar ya ninka, lokacin da kunne zai iya ɗauka ya ragu da rabi: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa. A desibel 100, minti 15 ne rabon kunne na yini guda. Yaron nan kafin mu sha ruwa ya cinye rabonsa na kwana uku. Wanda ba shi da ma'auni ma yana da hanyar ganewa: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, ƙarar wurin ta wuce ƙima.

Da aka huta na zaunar da su a inuwar katanga na zana musu kunne a ƙasa da tsinke. Can ciki akwai wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, da 'yan gashi-gashi kusan 15,000 waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda ƙafa ke kwantar da ciyawar damina. Taku ɗaya, gobe ta miƙe. A bi ta kanta kullum, ta zama turba. Waɗanda suka mutu a kunnen ɗan Adam ba sa sake tsirowa, babu allura, babu ɗigo, babu tiyatar da ke dawo da su. Kukan gyaren da ake ji da daddare gargaɗi ne cewa an fara takawa. Wani yaro ya ce shi auduga yake cusawa, wani ya ce iyafis yake sawa ya kunna waƙa. Auduga ba ta tare abin kirki, iyafis kuwa ƙara ce a kan ƙara. Na nuna musu yadda ake murza soson ya sirance, a ja saman kunne da ɗaya hannun, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Wanda aka ɗora a baki-baki ado ne kawai.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A shagon walda maganar nan ta zama gaskiya ta wata fuska, mai ciwo. Abin da ido ke gani shi muke tsoro. Kawu bai taɓa barin yaro ya yi walda ba gilashi ba, domin ya san zafin idon da wutar walda ta kama. Bai yarda a cire murfin faifai ba, domin ya taɓa ganin faifai ya tarwatse ya tsaga wa wani kunci. A nan kam ya fi yawancin masu shagon da na sani a Kano, inda za ka ga an kwance murfin an ɗora babban faifai a kan ƙaramar garanda, alhali faifan inci tara an yi shi ne don juyi kusan 6,600 a minti, ƙaramar garanda kuwa tana haura 10,000. Wasu har faifan katako mai haƙora suke ɗaurawa. Duk wannan Kawu ya hana. Amma ciwon da ba ya fitar da jini, wanda ke zuwa a hankali cikin shekaru, ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Ana cewa tsufa ne, ko gado, ko sanyi.

Da aka koma tsaga kankare sai farar ƙura ta turnuƙe, ta haɗu da hazon hunturu. Bakin tiyon ruwan nan tun da aka sayi injin ba a taɓa jona shi ba, wai ruwa na ɓata wuri da caɓi. Ƙurar kankare da tayil da dutse tana ɗauke da ɓurɓushin yashi mai kaifi wanda ido ba ya gani, ya shige can ƙasan huhu ya zauna, ya yi tabo wanda ba ya gogewa, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Muka samo jarka muka ɗora a kan katanga, muka jona tiyo, muka tabbatar murfin batir a rufe yake. Ƙurar ta kwanta nan take, faifan ma ya daina zafi. Yaron da kansa ya ce yankan ya fi sauri.

Na gyara masa tsayuwa. Ya saba ya sa fuskarsa daidai layin faifai don ya ga zanen da yake bi. Na matsar da shi gefe, yadda ko faifan ya fashe ko injin ya yi tutsu, ba shi zai tarar ba. Tutsun nan yana zuwa ne idan abin da ake yankawa ya matse faifan, ko aka ci da goshin faifan na sama, sai injin ya yi tsalle ya dawo kan mai shi kafin ƙiftawar ido. Maganinsa a tallafe ƙarfen yadda tsagar za ta riƙa buɗewa, a riƙe da hannu biyu, kada a ɗaga sama da kafaɗa, kada a yi daga kan tsani, kada kuma a danna. Nauyin injin ya isa. Na sa ya kwance rawanin da ya naɗe wuya da shi saboda sanyi, jelarsa na lilo a kan faifai. Na kuma nuna musu abin da ko Kawu bai taɓa lura da shi ba: a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifan yankan ƙarfe akwai wata da shekara a buge. Ƙaron da ya haɗa faifan yana lalacewa, galibi shekara uku ne wa'adinsa, danshi da zafin rana kuma suna gaggauta shi. Biyu daga cikin waɗanda ke jakarsu wa'adinsu ya wuce. Kawu ya karya su da hannunsa ya jefar.

Hirar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta daren nan, ni da Kawu a soro, da kaskon wuta a tsakaninmu. Na tambaye shi hannunsa. Ya yi shiru, sannan ya miƙo su kusa da garwashi. Ya ce da asuba a irin wannan sanyi, idan ya yi alwala, yatsunsa uku na dama sai su yi fari fat kamar na gawa, ba ya jin su. Idan jini ya dawo kuma su yi ja, su riƙa zugi. Minjirya ba ta barinsa barci. Carbi yana zame masa, maɓallin riga sai Inna ta sa masa. "Na ɗauka sanyi ne ya kama ni, ɗana."

Ba sanyi ba ne, sanyi tayar da shi kawai yake yi. Jijjigar inji ce ta shekara arba'in ta lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin yatsu. An daɗe da sanin wannan cuta. Wani likita a Italiya, Giovanni Loriga, ya bayyana ta a 1911 a jikin masu aiki da gudumar iska. A 1918 likita Alice Hamilton ta je Bedford a jihar Indiyana ta Amurka ta duba masu sassaƙa dutse, ta same su da matattun yatsu irin na Kawu sak, suna fari idan sanyi ya taɓa su. Tarayyar Turai ta yi doka a 2002: idan ma'aunin jijjigar hannu ya kai 2.5 a aikin awa takwas, dole mai kamfani ya ɗauki mataki, kuma haramun ne ya wuce 5. Injin da ke jijjiga da ƙarfin 5 cikin awa biyu ya kai matakin farko. Mai 10 rabin awa ya ishe shi. Kowane inji na kirki ana rubuta nasa adadin a cikin ɗan littafin da ke zuwa a kwalinsa, tare da na ƙara. Na Kawu yana nan cikin leda ba a taɓa buɗe shi ba, da Turanci da wasu harsunan Turai, babu Hausa ko layi ɗaya. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai. Ana kawo mana inji a sayar mana da tsada, gargaɗin da ke tare da shi kuwa a bar shi cikin harshen da mai riƙe injin ba ya karantawa. Mu ma muna da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ambaci raunin ji a fili, amma yaron shagon bakin titi bai san da ita ba, ita ma ba ta san da shi ba.

Mai caji ya fi injin fetur sauƙin jijjiga, wannan alheri ne. Yana da wani alherin da ba a lura da shi: batir na ƙarewa, dole a tsaya. Na roƙi Kawu kada ya mayar da wannan hutu asara ta hanyar tara batira a riƙa canzawa ba numfashi. Idan batir ya ƙare, hannu ma ya canza, wani yaron ya karɓa. A daina damƙe mariƙi kamar za a shaƙe shi, domin iya damƙa iya jijjigar da ke shiga ƙashi. Faifan da ya karkace ko ya cinye gefe guda a yar da shi, shi ne uban karkarwa. A sa safar hannu don ɗumi, kada a fara yanka da sassafe da hannu a daskare. Masu shan taba kuma su sani tana ƙara tsuke hanyoyin jinin da jijjiga ta riga ta raunana. Batiran kansu na ce ya daina barinsu a bayan mota cikin rana, musamman idan bazara ta zo Katsina ta haura digiri 40, kada a yi cajinsu a ɗakin kwana, wanda ya kumbura ko ya tsage kuma a rabu da shi.

Kawu ya daɗe yana kallon wuta. Ya ce abin da ya fi damunsa ba yatsun ba ne. Jikarsa 'yar shekara huɗu takan zo ta raɗa masa magana a kunne, ya yi dariya don ya ga tana dariya, bai ji ko kalma ɗaya ba. A masallaci kuma sai ya matsa sahun gaba kusa da lasifika kafin ya bi karatun liman. "Amana aka ba ni," in ji shi. "Ban san ina koya masa har da wannan ba." Na ce masa ba wanda ya gaya masa, shi ma ba wanda ya gaya wa maigidansa.

Ranar Laraba da sassafe muka kai yaron asibiti, sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Aka leƙa kunnen, aka ba shi ranar da zai dawo a yi masa gwajin ji, aka ce ya nisanci ƙara kafin ranar. Likitar ta ce idan da buƙata akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kawu ma ya karɓi kati, bayan na matsa.  Sauran lokacin na roƙi yaron ya raka ni Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Muka tsaya a gindinta, ginin ƙasa tsagwaro da ya ga ƙarnuka. Unguwar shiru, sai kukan kurciya daga wata bishiya. Na tambaye shi ko yana ji. Ya karkata kai, ya saurara, ya ce yana ji, amma gyaren ma yana nan.

Da muka koma shago yin sallama, na tarar da babban abin rufe kunnen an rataye shi a ƙusa ɗaya da gilashin walda, batiran mai caji kuma an zare su an ajiye a kan kanta. Yara biyar ne a shagon, na soso biyar suka rage mini bayan na dattijon Kankiya, kowa ya rataya nasa a wuya. Kawu ya ce daga yau wanda bai toshe kunne ba ba zai taɓa inji ba, kuma ya faɗa da irin muryar da ba a musa masa. Inna ta haɗo ni da ƙullin kuka da daddawa da kwalbar man shanu na kai wa ƙanwata. Kawu ya rako ni har bakin gadar Ƙofar Kwaya, ya tsayar da ɗan acaɓa, ya biya kuɗin kafin in sa hannu a aljihu.

Na shiga Kano bayan magariba, ban je gida ba sai da na biya wurinta. Na ba ta saƙon Inna, na gaya mata ranar gwaji, na gaya mata abin da likita ta ce ba ragi ba ƙari. Ta yi shiru tana jujjuya kwalbar man shanun. Sai ta tambaye ni nawa ake sayar da abin toshe kunnen, kuma kwana nawa yake yi kafin ya lalace. Na ce na soso ba ya daɗewa, idan ya yi datti ko ya daina kumbura sai a canza. Ta shiga ɗaki ta fito da naira 10,000 cikin kuɗin adashinta, ta ce in sayo na duka yaran shagon, har da na maƙwabtansu masu gyaran gadaje. Washegari na koma wurin mai kwalin nan na Ƙofar Ruwa na kwashe guda ashirin, na ba direban motar farko mai zuwa Katsina, na rubuta lambar Kawu a jikin ledar.